Me ya sa Allah ya ce a ƙirga Isra'ilawa har sau biyu a jeji?

Maman Rifkatu: Salama ga kowa, barkanmu da yamma. Dan Allah iyayena da 'yan'uwa taimako nake nema. An ba ni jagorancin nazari a zumuntar mata ranar Talata mai zuwa, kuma tsarin karatun da muke bi ya kawo mu Littafin Ƙidaya sura 1. Jiya da daddare na zauna na karanta ta daga farko har ƙarshe, kabilar Ra'ubainu 46,500, Saminu 59,300, Gad 45,650, Yahuza 74,600, haka dai har kabila goma sha biyu, jimla 603,550. Na rufe littafin na rasa me zan faɗa wa mata. Wata ta baro yaro ba lafiya a gida, wata kuɗin makaranta ne ya hana ta barci, sai in tashi in karanta masu lissafi? Amma kuma zuciyata ta ƙi yarda cewa Allah ya sa an rubuta sura guda haka kawai. Wanda ya taɓa samun abinci a wurin nan ya sammana.

Ayuba: Mama ki tsallaka zuwa sura 6 mana, wurin albarkar nan ta Haruna, Ubangiji ya sa maku albarka ya kiyaye ku. Mata za su ji daɗinta sosai

Baba Dattijo: A'a Ayuba ɗana, ba a tsallake tsani daga ƙasa. Maman Rifkatu, abin da ya sa kika ga wurin ya bushe shi ne kin karanta rabin labari. Ƙidayar biyu ce. Ta farko a jejin Sinai, ran ɗaya ga wata na biyu a shekara ta biyu da fitowarsu Masar. Ta biyu tana sura 26, a filayen Mowab bakin Urdun, suna hango Yariko. Ki ɗauko biro ki rubuta su gefe da gefe. Ta farko 603,550, ta biyu 601,730. Bambancin mutum 1,820 ne kacal bayan kusan shekara arba'in. Wanda ya kalli lambar kaɗai zai ce ai babu abin da ya faru. To sai ki sauka aya 64 da 65 na sura 26 ɗin, can aka ce a cikin waɗanda aka ƙirga karo na biyu babu ko mutum ɗaya daga waɗanda Musa da Haruna suka ƙirga a Sinai, sai Kalibu da Joshuwa. Mutum dubu ɗari shida sun kwanta a jeji, wasu dubu ɗari shida sun tashi a gurbinsu. Ni duk lokacin da na zo wurin nan sai jikina ya yi sanyi.

Maman Rifkatu: Kai Baba, ban taɓa haɗa su ba wallahi. Na gode

Ayuba: Baba to amma Musa fa yana da rai lokacin, kuma Ele'azara ɗan Haruna ma shi ya taya shi ƙirgan na biyu. Yaya aka ce biyu ne kawai suka rage?

Baba Dattijo: Su Lawiyawa ne ɗana, ba sa cikin wancan lissafin. Nasu daban aka yi, tun daga ɗan wata ɗaya, 22,000 a sura 3, sannan 23,000 a sura 26. Babban lissafin na maza ne daga shekara 20 zuwa sama waɗanda za su iya fita yaƙi.

Malam Istifanus: Baba ya buɗe mana ƙofa, bari in ɗan ƙara. Sunan littafin ma a Ibrananci ba Ƙidaya ba ne, Bemidbar suke ce masa, wato a cikin jeji. Tsofaffinmu masu tsohuwar fassara kuma Littafin Lissafi suka san shi da shi. Abin da nake so Mama ki riƙe, maganar da aka fassara mana da ku ƙirga, a asalin harshen cewa aka yi ku ɗaga kan dukan taron jama'ar Isra'ila. Haka suke faɗin ƙidaya a harshensu, ban ce kowane ƙirga yana ɗauke da wani sirri ba, amma ki tuna su waye ake ɗaga wa kai. Shekara ɗaya da ta wuce mutanen nan bayi ne, abin da ake ƙirgawa a kansu tubali ne, nawa ka buga yau, in bai cika ba a yi wa shugabanninku bulala. Yanzu ga shi ana kiran kowa da sunansa, da gidan ubansa, da danginsa, kai da kai. Kuma su ne fa mutum 70 da suka shiga Masar tare da Yakubu. Allah ya fito da Ibrahim waje da dare ya ce ƙirga taurari in za ka iya, haka zuriyarka za ta zama, lokacin ko ɗa ɗaya ba shi da shi. To sura 1 kamar rasit ne, ga abin da na alkawarta, ga shi a rubuce.

Danjuma: Ni na ji wani mai wa'azi a Facebook yana cewa in ka zana yadda suka yi zango a sura 2 gicciye ne yake fitowa. Gabas su Yahuza 186,400, yamma su Ifraimu 108,100, kudu su Ra'ubainu 151,450, arewa su Dan 157,600. Wato ƙafa ɗaya doguwa, kai gajere, hannu biyu kusan daidai. Tun a jeji Allah ya zana gicciyen Almasihu!! Mama wannan ki koya masu

Malam Istifanus: Danjuma lambobinka daidai ne, amma zanen ba ya cikin nassi. An dai ce waɗannan gabas, waɗannan kudu, kowa ƙarƙashin tutarsa, ba a ce sun jeru a dogon layi kamar masu bin layin mai ba. Sai ka tilasta masu tsayuwar da ba a faɗa ba kafin gicciyen ya fito. Abin da aka faɗa sarai ya ishe mu: alfarwa ta sujada ce a tsakiya, Lawiyawa kewaye da ita, kowace kabila ta fito daga bukka da safe abin da ke tsakiyar zangon shi ne mazaunin Ubangiji. Tantin Musa ma ba shi ne tsakiya ba.

Danjuma: Malam ni dai ya ƙarfafa ni gaskiya

Malam Istifanus: Ban hana ka ba ɗan'uwa. Tsorona kawai kar Mama ta koya, wata cikin mata ta buɗe ta ce ina aka rubuta, a rasa amsa.

Saratu: Ku yi haƙuri in shigo da abin da ke cin raina. Wannan ƙidayar fa maza zalla aka ƙirga. Maman Rifkatu za ta tsaya gaban mata ta ce Allah ya san kowa da sunansa, alhali a surar da take karantawa ko mace ɗaya ba a ƙirga ba, ba yara, ba tsofaffi, ba guragu. Ni in ina zaune a wurin sai na ɗaga hannu na tambaya

Maman Rifkatu: Saratu ƙanwata kin faɗi abin da nake tsoro, akwai wata a cikinmu lallai sai ta tambaya

Fasto: Tambayar tana kan hanya, kar a share ta. Na farko, wannan rajistar sojoji ce, ana lissafin wanda zai ɗauki takobi ne, ba wanda Allah yake ƙauna ba. Na biyu, Saratu ki duba sura 14 ki ga abin da ya sami waɗanda aka ƙirgan. Da 'yan leƙen asirin ƙasa suka dawo, goma suka tsorata jama'a, su mayaƙan nan da aka ƙirga su ne suka ce matanmu da 'ya'yanmu za su zama ganima, gara mu koma Masar. Sai Ubangiji ya ce ku da aka ƙirga daga shekara 20 zuwa sama gawarwakinku za su zube a jejin nan, yaran da kuka ce za a kwashe su ne zan shigar da su. Kin ga rajistar yaƙi ta koma rajistar mutuwa, waɗanda ba su isa a rubuta su ba su suka ci gādo. Na uku kuma, a ƙidaya ta biyu sunayen mata sun shigo: Sera 'yar Ashiru, Yokabed, Maryamu, da 'ya'yan Zelofehad su biyar, Mala, Nowa, Hogla, Milka da Tirza. Da aka ce za a raba ƙasa bisa sunayen da aka ƙirga, 'yan matan nan suka ga ubansu ya mutu ba ɗa namiji, sunansa zai ɓace. Suka je ƙofar alfarwa gaban Musa da Ele'azara da shugabanni duka suka ce a ba mu gādo. Musa ya kai maganar gaban Ubangiji, Ubangiji ya ce gaskiyarsu ne, har aka kafa doka a kan maganarsu. Ku lura fa, ƙasar ba a ci ta ba tukuna, ko Urdun ba a haye ba, su sun riga sun nemi rabonsu. Abin da iyayensu maza suka kasa gaskatawa su sun gaskata.

Saratu: Na ji Fasto, kuma labarin 'yan matan ya shige ni. Amma har yanzu ina ganin da ba su tashi sun yi magana ba da shiru za a yi

Fasto: Haka ne 'yata, ba zan musa maki ba. Shi ya sa nake ganin ya dace a karanta wa zumuntar mata sura 27 ɗin da babbar murya.

Baba Dattijo: Akwai wani abu da na ɗan jima ina juyawa a rai, tunda kun sa na ɗauko tsohon littafina da na rubuta lissafin a bango. Jimla ba ta canza sosai ba amma a ciki an yi hawa da sauka. Kabila bakwai sun ƙaru, biyar sun ragu. Manassa daga 32,200 ta kai 52,700. Saminu kuwa daga 59,300 ta faɗo 22,200, an rasa 37,100, daga ta uku a girma ta koma ta ƙarshe. Sura 25 tana gab da ƙidayar, wurin da suka bi matan Mowab suka yi wa Ba'al-feyor sujada, annoba ta kashe 24,000, kuma mutumin da ya shigo da Kozbi, wata Bamadayaniya, a idon jama'a suna kuka, Zimri, shugaba ne a gidan Saminu. Nassi bai ce duka mutanen Saminu ne suka mutu ba, amma mai hankali zai ga inda hayaƙi ke tashi. Daga baya da Joshuwa ya raba ƙasa, rabonsu a cikin na Yahuza aka ba su. Sannan ku duba, Ra'ubainu da Saminu da Gad, duka ukun sun ragu, duka ukun zangon kudu suke. Kora kuma, wanda ya tayar wa Musa, daga dangin Kohat na Lawiyawa yake, su ma kudu da alfarwa aka ajiye su, maƙwabtan Datan da Abiram na Ra'ubainu da suka yi tawaye tare. Zama da maɗaukin kanwa ke nan. Amma a cikin wannan lissafin dai aka saka wata 'yar aya, sura 26 aya 11, cewa 'ya'yan Kora ba su mutu ba. Su ne muke ganin sunan zuriyarsu a kan wasu Zabura, har da ta 42 da ta 84 da muke rerawa.

Haruna: Ina bibiya tun ɗazu. Ni matsalata lambobin ne kansu. Maza mayaƙa dubu ɗari shida, in ka sa mata da yara ai an haura miliyan biyu, a hamada. Kuma sura 3 ta ce 'ya'yan fari maza 22,273 ne, raba ka gani, kowane ɗan fari ɗaya yana da maza wajen 27 a bayansa. Wace uwa ce za ta haifi haka? Ba wai ina ƙaryata Littafi ba ne, tambaya nake

Malam Istifanus: Haruna ba kai ka fara ba, masana sun daɗe a kai. Kalmar elef da ake fassarawa dubu, a wasu wurare tana nufin dangi ko rukuni, kamar inda Gidiyon ya ce danginsa ne mafi rauni a Manassa. To wasu suka ce a karanta rukuni 46 mutum 500, ba 46,500 ba. Wasu kuma suka ce 'ya'yan farin da aka ƙirga waɗanda aka haifa bayan fitowa Masar ne kawai. Ni abin da ya sa ban bi fassarar rukuni ba shi ne Fitowa 38. Kowa ya ba da rabin shekel na azurfa, aka tara talanti 100 da shekel 1,775. Talanti ɗaya shekel 3,000 ne, wato 301,775, ninka biyu ka samu 603,550 cif. Wanda ya rubuta dubu yake nufi.

Haruna: Wannan ya nuna abin da marubucin ke nufi Malam, bai warware maganar 27 ɗin ba

Malam Istifanus: Bai warware ba, na yarda. Mu ajiye ta mu buɗe mata zaure nata, kar mu ɓatar da Mama.

Ladi: To ni tambayata, in ƙidaya abu ne mai kyau me ya sa da Dawuda ya yi mutum 70,000 suka mutu? Kakata har ta rasu ba ta yarda a tambaye ta 'ya'yanta nawa, sai ta ce ba a ƙirga mutane. A cocinmu kuma duk Lahadi sai an ƙirga maza kaza mata kaza yara kaza an sanar. Wanne ne daidai

Fasto: Ladi amsar tana wurin rabin shekel ɗin da Malam ya ambata. Fitowa 30 ta ce in za a ƙirga jama'a kowa ya ba da fansar ransa ga Ubangiji don kada annoba ta same su, mai arziki kar ya ƙara, matalauci kar ya rage. Kowa farashi ɗaya. Mai garke ne ke ƙirga garkensa, in ka ga baƙo yana ƙirga shanun wani ka san da wata a ƙasa. To kuɗin nan shaida ce cewa mutanen ba na Musa ba ne. Kuma ku ga inda azurfar ta tafi, da ita aka yi gindin da katakan alfarwa suka tsaya a kai, wato mazaunin Allah a kan fansar mutane yake zaune. Dawuda kuwa ba irin umarnin da aka ba Musa ya samu ba, cikin fushin Ubangiji aka zuga shi, ya ce wa Yowab shugaban sojojinsa ka zaga daga Dan har Biyer-sheba domin in san yawan mutane. Domin in sani. Yowab da kansa, mutumin da jini bai dame shi ba, sai da ya ce ranka ya daɗe me ya kai ka. Wata tara da kwana ashirin suna yawo, suka kawo 800,000 na Isra'ila da 500,000 na Yahuza a 2 Sama'ila 24, kuma tun kafin annabi Gad ya zo zuciyar Dawuda ta riga ta kāshe shi. Ƙirgan Lahadi kuwa, in don a san wa bai zo ba a je a duba shi ne, na goyi baya. In don mu ji mun fi cocin da ke tsallaken titi ne, to mu pastoci mu fara tuba.

Ayuba: Fasto wannan ta ƙarshen ta taɓa mutane da yawa

Mama Talatu: Ni ban iya dogon rubutu ba jikata ke taya ni. Shekarar da aka kore mu daga ƙauyenmu mun kwana uku a daji kowa ya watse, da muka taru a wata firamare dattawa suka ce a ƙirga gida gida. Ana kiran suna kana amsawa, in an kira an ji shiru sai kuka ya tashi. An kira sunan maigidana aka ji shiru. An kira na ɗana ƙarami, sai muka ji ya amsa daga can baya, ashe wata mata ce ta goyo shi ban ma santa ba. Tun ranar ban ƙara ganin jerin sunaye a Littafi na ce a tsallake ba. Sura 26 ɗin nan da kuke faɗa farkonta cewa aka yi bayan annoba. Bayan an gama binne mutane Allah ya ce a ƙirga waɗanda suka rage, kuma ba don makoki ba, don a raba masu gona ne. Maman Rifkatu 'yata, a cikin matan da za ki koya wa akwai irina, ki gaya masu wannan

Saratu: Allah sarki Mama. Ubangiji ya ci gaba da ta'azantar da ke

Danjuma: Mama kin sa ni hawaye

Baba Dattijo: Talatu Allah ya ƙara haƙuri. Abin da kika faɗa shi ne aya 53, ga waɗannan za a raba ƙasar. Ta farko an ƙirga su don yaƙi suka ƙi zuwa, tafiyar da Maimaitawar Shari'a ta ce kwana 11 ce daga Horeb zuwa Kadesh-barneya ta zame masu kabari. Ta biyu an ƙirga 'ya'yansu don gādo. Abu ɗaya kawai nake roƙo Maman Rifkatu, kar ki ba su zaƙin ki ɓoye ɗacin. Duk mutanen sura 1 sunansu na cikin littafi, sun ci manna, sun haye teku, biyu ne suka shiga. Bulus ya ce an rubuta ne don gargaɗinmu, 1 Korantiyawa 10. Ni da sunana ya shekara hamsin a rajistar ikilisiya ni aka fi yi wa wannan maganar.

Maman Rifkatu: Iyayena na gode ƙwarai, na cika shafi huɗu. Yanzu matsalar ta juya, minti 40 aka ba ni. Ina ganin zan rubuta lambobi biyun nan a allo, 603,550 da 601,730, in tambaye su me suka gani, sannan mu karanta 26:64, daga nan sai 'ya'yan Zelofehad. Mama Talatu in kin yarda zan ba da labarinki ba tare da suna ba

Mama Talatu: Ki faɗa har da sunan 'yata, ba abin kunya ba ne

Haruna: Malam Istifanus kar ka manta zauren 22,273 ɗin nan fa, ina jira

Malam Istifanus: Gobe bayan sujadar yamma in Allah ya kai mu. Ka karanta sura 3 daga aya 40 zuwa 51 kafin nan, wurin da aka fanshi rarar 'ya'yan fari 273 da suka haura yawan Lawiyawa da shekel biyar biyar.